Daga littafin hikaya zuwa tatsuniya cikin zane: ta ina ake kamawa?

Tambaya: Wani matashi mai zane daga Tudun Wada a Kaduna ya rubuto cewa ya karanta wani littafin hikaya na Hausa a kan marainiya da kishiyar uwarta, labarin ya shiga ransa, yana so ya fitar da littafin katun mai salon tatsuniya daga cikinsa. Ya zana shafi shida ya cije. Rubutu ya cinye zane, fuskar yarinyar tana sauyawa daga shafi zuwa shafi, kuma har yanzu bai fita daga babin farko ba. Yana tambayar yadda masu wannan sana'a suke tsara aikinsu.

Amsa: Ƙanena, matsalolin nan uku da ka lissafa uwarsu ɗaya. Ka fara ƙawata zane tun ba ka san shafi nawa labarin zai ci ba, ba ka kuma yanke abin da zai shiga da abin da za a bari ba. Ajiye shafuka shidan nan a gefe, kada ka yaga su, za su yi maka amfani wajen zaɓen salo. Amma littafin ba daga su zai tashi ba.

Kafin komai, batun izini. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta bar wa marubuci ikon duk wani sauyi da za a yi wa littafinsa zuwa wata siga, kuma wannan haƙƙi yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Idan za ka ɗauki sunayen mutanen littafin da jerin abubuwan da suka faru, to ka nemi marubucin ko kamfanin da ya buga, ku rubuta yarjejeniya: kwafi nawa, kason kowa nawa, sunan wa zai hau bango. Idan kuwa jigon kawai ka ɗauka, wato maraici da zaluncin cikin gida, ka gina naka labarin da naka mutanen, wannan ba mallakar kowa ba ne. Aron Gizo da Ƙoƙi da Dodo don gina sabon aiki naka shi ma doka ta ba da dama. A ganina hanya ta biyun ta fi maka, ba don gudun biyan kuɗi ba, sai don ita ce za ta sake maka hannu.

Yanzu lissafi. Littafin da ake ɗinke wa tsakiya da waya dole yawan shafukansa ya rabu da huɗu, domin kowace takarda ɗaya in an naɗe ta shafi huɗu take bayarwa. Ga mai farawa, shafi 24 a girman A5 ya isa, takardar A4 shida ke nan. Cire shafin suna da na bayanin bugu, saura 22. Idan kowane shafi ya ɗauki akwati biyar, wato hoto biyar kowanne a cikin iyakarsa, kana da akwati 110, ba ƙari. Littafin hikaya mai shafi ɗari da wani abu ba zai shiga akwati 110 ba idan jimla-jimla kake binsa, kuma abin da ya tsayar da kai a babin farko ke nan.

Abin yi shi ne ka rufe littafin, ka ba wani labarin da baki cikin minti biyar. Abin da ya rage a bakinka shi ne ƙashin labarin. Rubuta shi a ƙananan takardu, kowace takarda aukuwa ɗaya, kada su wuce 12 zuwa 15. Kowace aukuwa ka yi mata tambaya ɗaya: za a iya ɗaukar hotonta? "Ta ji ba a ƙaunarta a gidan" ba ya ɗaukuwa. "An raba tuwo, aka ajiye mata ƙanzo a bakin ƙofa" yana ɗaukuwa. Duk takardar da ta kasa amsa wannan tambaya, ko ka nemo mata aikin da ido zai gani, ko ka jefar da ita. Mutane ma haka. Littafin hikaya yana iya ɗaukar gwaggo uku da kawu biyu da ƙawaye huɗu, kai kuwa mutum biyar ko shida za ka iya riƙewa. Haɗa gwaggonnin su zama tsohuwa ɗaya.

Nan ne ya kamata ka gane abin da kowane ɓangare yake ba ka. Littafin hikaya yana ba ka zuciya: dalilin da ya sa kishiyar uwar ta zama haka, abin da yarinyar take tsoro, abin da take ɓoyewa. Tatsuniya kuma tana ba ka tsari, kuma tsarinta ya dace da zane fiye da na hikaya nesa ba kusa ba. Ba ta faɗin sunan gari ko shekara. Ba ta dogon bayani, aika yarinya kawai take yi. Tana son abu ya faru sau uku. Tana da mai taimako a hanya, tana da waƙa da ake maimaitawa, tana da sakayya a ƙarshe. Saboda haka rigimar gado da ta ci babi huɗu a littafin, a wurinka za ta iya zama aike ɗaya: wuta ta mutu a gida da dare, kishiyar uwa ta ce a je a ɗebo a inda ake hango haske bayan gari, alhali ta san gidan Dodo ne.

Ɗauki wurin da marubuci ya yi shafi uku yana bayyana ƙuncin yarinyar. Kai akwati ɗaya za ka ba shi, mai faɗin shafi, ba ko kalma. Tsakar gida da magariba, ana kallo daga ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro. Akushi huɗu a jere kusa da murhu, uku da miya tana tururi, 'ya'yan gida sun kewaye su, bayansu kawai muke gani. Na huɗun an tura shi can gefen dama, kusa da turmi, faifan da aka rufe shi da shi ya zame, ƙanzo ya bayyana. Hannun yarinyar kaɗai ya shigo akwatin, bai ma kai ga akushin ba. Tazarar da ke tsakanin akushi na uku da na huɗu ita ce shafi ukun nan. Idan ka ƙara rubutu a sama cewa "Marainiya tana cikin baƙin ciki", ka ɓata shi, domin ka faɗi abu ɗaya sau biyu.

Mataki na gaba shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa, kuma a nan ake yin littafin. Ɗauki takardar A4 shida, ka naɗe su biyu, ka sa lamba daga 1 zuwa 24. Wannan shi ne littafin gwaji. Zana labarin gaba ɗaya a cikinsa da mutanen tsinke, da'ira kai, layi jiki, kada shafi ya ci maka fiye da minti goma. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya gama zana alli, to wannan shi ne allinka. A nan za ka ga cewa tafiyar daji ta cinye shafi tara, haɗuwa da Dodo ta samu ɗaya da rabi, ka gyara da magogi maimakon ka zubar da aikin wata guda.

Littafin gwaji yana nuna maka abin da takarda shimfiɗaɗɗiya ba za ta nuna ba. Shafuka masu lambar mara, 1, 3, 5, suna hannun dama, masu lambar cika suna hagu. Mai karatu yana ganin shafi biyu a lokaci guda, don haka duk abin mamakin da ka sa a shafin dama ya riga ya hango shi tun yana karanta na hagu. Dodo ya fito a shafin hagu, bayan an juya. Akwatin ƙarshe na shafin dama kuma ya zama abin da zai sa a juya ɗin: hannu a kan asabari, ido ya zaro, inuwa ta faɗo a ƙasa. Shafi na 12 da na 13 su kaɗai ne suke kan takarda ɗaya a tsakiya, su ne wurin babban zane mai cin shafi biyu, domin a sauran wurare rabi da rabin ba sa haɗuwa daidai bayan ɗinki.

Ga yadda shafi na 11 zai iya kasancewa. Akwati na farko dogo a kwance: yarinya ƙarama a ƙasan wata kuka, haske can nesa. Na biyu da na uku ƙanana, kafaɗa da kafaɗa: ƙafarta a kan ƙaya, sannan kaskon ɗebo wuta a hannunta yana rawa. Na huɗu: ƙofar bukka, ta yi sallama, maganarta a shafin ke nan kaf. Na biyar siriri a ƙasa, baƙi ƙirin, sai amsar sallamar da manyan haruffa masu kauri. A juya, Dodo ya cika 12 da 13. Ka lura girman akwati shi ne lokaci: babba yana tsayar da ido, ƙanana a jere suna sa gudu.

Maimaicin tatsuniya kyauta ce ga mai zane. Idan yarinya ta gamu da masu neman taimako uku a hanya, yi wa haɗuwar uku tsarin shafi iri ɗaya sak, akwati huɗu a wuri ɗaya, abu ɗaya kawai yake sauyawa. Sa'ad da 'yar kishiya ta bi hanyar daga baya, maimaita tsarin, amma a akwati na uku, inda marainiya ta durƙusa, ita ta wuce tana taɓe baki. Yaro ɗan shekara bakwai zai gane bambancin ba tare da an gaya masa ba. Waƙa kuma kada ka kulle ta a balan-balan ɗin magana. Rubuta ta da hannu, ta bi hayaƙi ko ruwa tana ratsa akwatuna, kuma duk inda ta dawo ta dawo da kamanninta. "Ga ta nan, ga ta nanku" da "Ƙurunƙus" za su iya samun shafinsu, kaka da jikoki a tabarma, da layi mai laushi wanda ya bambanta da na cikin labarin. Amma kada kakar ta riƙa katse labari kowane shafi biyu.

Idan ka gama littafin gwaji, miƙa wa yaro ko ƙanwarka ba tare da ka ce komai ba, ka sa su faɗa maka abin da ke faruwa. Inda suka yi shiru ko suka koma baya, shafin ne bai yi ba, ba su ba.

Sauyawar fuska kuma maganinta takardar kamanni. Kowane mutum a labarin ka ba shi takarda guda: gaba, gefe, rabi-da-rabi, baya, duk a kan layukan tsayi ɗaya, sannan fuska shida, murna, tsoro, fushi, kuka, mamaki, da fuskar da ba ta nuna komai. Auna tsayi da kai: babban mutum kai bakwai zuwa bakwai da rabi, yarinya 'yar shekara takwas wajen biyar da rabi zuwa shida, in kana son salon katun ka rage zuwa huɗu. Abin da ke sa fuska ta sauya yawanci ba hanci ko baki ba ne, tazarar ido da ido ce da kuma inda kunne ya zauna, don haka ka sa musu layin awo. Ka ba kowa alama ɗaya da ba ta sauyawa: kitson yarinya guda biyu da suka miƙe, ɗaurin ɗankwalin kishiya mai tsini a gaba. Sannan ka cike surar kowa da baƙi gaba ɗaya ka jera su. Idan ba a bambanta su a inuwa, ba za a bambanta su a ƙaramin akwati ba. Manna takardun a bango inda kake aiki, kuma kada ka zana mutum daga shafin jiya, kullum daga takardar kamanni, domin kuskure kan kuskure yake hawa.

Gizo da Dodo ba su da hoto tsayayye, kowa da wanda ya gani a ransa yana yaro. Gizo yana iya zama gizo-gizo sosai, ko mutum siriri mai dogayen gaɓoɓi da ƙaramar hula, ko tsakanin biyun. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Tsamin bakinsa ya fito a rubutun maganarsa, amma kaɗan, kada karatu ya gagara. Dodo kuwa, rabinsa a duhu ya fi dukkansa a fili ban tsoro. Abin da nake ƙi shi ne a kwaso dodon katun ɗin Japan ko na Amurka a sa masa rawani. Tun 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan wannan magana: a koyi dabarar waje, a zana da idon gida. Je gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu ka zauna gaban kawunan yumɓun Nok, ka kalli idanunsu masu kusurwa uku da hujin tsakiya. Ido irin wannan a fuskar Dodo ya fi jan ido mai ƙyalli da kowa ya saba gani.

Haka kayan gida da daji. Kada ka zana su da ka. Kasuwar Barci tana kusa da kai, ka zagaya da ƙaramin littafi ka zana yadda zane yake zama a ƙugu da yadda tsohuwa take zama a kujera 'yar tsugunno. Ka shiga cikin birnin Zariya don zaure da zanko da adon bango, ka kalli dutsen Kufena don gidan Dodo, ka sauka bakin kogin Kaduna don duwatsu da ciyawar gaɓa. Ka san itatuwanka: kuka tana zubar da ganye da rani, gawo kuwa da damina yake zubarwa. Idan ka zana su duka biyu kore shar a akwati ɗaya, mutumin karkara zai gane ba ka duba ba.

Rubutu ana sa shi kafin zane, ba bayansa ba. Wannan ne zai hana shi cinye maka hoto. Balan-balan ɗaya kada ya wuce kalma 20, akwati kada ya wuce balan-balan biyu, ko uku in ya matsa. Wanda zai fara magana ka tsayar da shi a hagu, in ba haka ba wutsiyoyin balan-balan za su sarƙe. Sannan ga wata matsala tamu ta Hausa: yawancin salon haruffan katun na kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Kana bugawa sai harafin ya fito murabba'i, ko manhaja ta aro shi daga wani salon ya fito bare a tsakiyar kalma. Gwada jimla mai ɗauke da su duka, manya da ƙanana, tun ranar farko. Idan babu, ko ka sauya salo, ko ka rubuta da hannu, wanda ma ya fi dacewa da tatsuniya. A bugu, girman haruffa a ma'aunin kwamfuta kada ya gaza maki 8, na yara ƙanana 10 ko 11.

Wajen zanen gaske, yi shi a A4 idan A5 za a buga. Za a rage shi zuwa kashi 71 cikin ɗari, ragin yana ɓoye rawar hannu, amma yana sirantar da layi. Saboda haka alƙalami mai siririn baki, wato 0.1, bai dace da jikin mutum ba, layinsa yana tsinkewa a bugu. Yi amfani da 0.5 ga mutane, 0.3 ga bayan fage, 0.8 ga iyakar akwati, buroshi ga gashin Dodo da manyan wuraren baƙi. Fensir 2H ko HB, da hannu sakwa-sakwa, domin 2B yana dattin takarda kuma tawada ba ta kama shi sosai. Tawadar ta zama wadda ruwa ba ya narkarwa. Da hunturu tana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai takarda, sai ka zuba kaɗan-kaɗan a murfi kana rufe kwalbar. Da damina kuwa takarda tana shan danshi, layi yana bajewa, kuma wanda ya yi saurin goge fensir zai ja baƙi a fuskar da ya ɓata awa guda a kanta. Bar shafi ya kwana kafin magogi. Kada ka gama shafi ɗaya tas kafin ka taɓa na biyu. Yi fensirin littafin duka, sannan tawadar duka, sannan launi, in ba haka ba shafi na 1 da na 22 za su zama kamar mutum biyu suka zana.

Ɗauki zanen da sikana a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ba da kyamarar waya ba, domin waya tana karkatar da layi tana kuma sa inuwa. In da kwamfuta ko waya kake zane, manhajar Krita kyauta ce, manhajar ibis Paint kuma tana aiki a waya. Buɗe shafi mai milimita 154 da 216, wato A5 da rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, a 300 dpi ko sama. Rubutu da fuska su nisanci gefe da aƙalla milimita 8. Layi a leya ɗaya, wato shimfiɗa ɗaya a cikin manhajar, launi a ƙarƙashinsa, rubutu a sama.

Launi ka taƙaita shi, biyar ko shida. Gida ya samu jan ƙasa da ruwan ƙwai, daji da dare ya samu shuɗin baba, wutar Dodo kaɗai ta samu ja mai ƙarfi, yadda in ta bayyana za a ji ta. Fuskar allo tana aiki da haske, RGB, injin bugu yana aiki da tawada huɗu, CMYK, kuma shuɗi da kore masu ƙyalli suna dusashewa a hanya. Babbar asarar ita ce launin fata. Takarda marar sheƙi tana shan tawada, ɗigon yana faɗaɗa, ruwan ƙasan da ya yi kyau a allo ya fito duhu har layin ido da baki su nutse. Gina launin fata da ja da rawaya da ɗan shuɗi, ka rage baƙi a cikinsa, ka sa shi ya fi abin da kake so haske kaɗan. Rubutu kuma baƙi zalla, K 100, domin in an haɗa shi da tawada huɗu kuma farantan da injin bugu yake ɗora kowace tawada da su suka ɗan goce, haruffa za su yi inuwa. Idan kuɗi ya yi kaɗan, ciki baƙi da fari a takarda mai nauyin giram 80, bango mai launi a kati 250, ya wadatar. Giram 70 yana nuna baƙin bayan shafi.

Kada ka biya kuɗin bugu duka sai an fitar maka da kwafin gwaji a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, an naɗe, an ɗinke, an yanke. Duba jerin shafuka, domin 24 da 1 suke zama gefe ɗaya, 2 da 23 a bayansu, kuma a nan ake yawan juya su. Kwafi kaɗan, hamsin ko ɗari, injin dijital ya fi sauƙi. Ofset, wato babban injin bugu mai aiki da faranti, sai adadi ya yi yawa, saboda kuɗin faranti. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai bugu na kansa ya ajiye musu kwafi uku. Idan kuma za ka fara sakinsa a Facebook ko WhatsApp, shafin A5 cikakke ba ya karantuwa a waya: yanka shi akwati biyu-biyu, ka ƙara girman rubutu, a WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin fayil, don in ka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ƙananan haruffa su dagule.